Ƙaramin Faifan da Ma'auni Ya Hana Tafiya

Ku 'yan matan da kuke wucewa ta ƙofar gidana da salula a hannu, na ji abin da kuke faɗa. Idona ya rage, amma kunnena yana nan. Rannan wata a cikinku ta ce wai aikin Inna Kande ai hutu ne, a zauna a inuwa ana naɗa ciyawa ana sauraron rediyo. To ku matso ku zauna. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce ban gane shi ba. Amma a sha'anin faifai, daga nan Gaya har Doso babu wadda za ta gyara mini magana. Zan gaya muku yadda ake koyon aikin, in kuma gaya muku ranar da aka ɗora shi bisa ma'auni.

A Tanda na koya, wajen Gwaggo Dije, yayar babana. An kai ni gidanta haƙoran gabana ba su gama fitowa ba. Na zaci basilla za ta miƙo mini, babbar allurar nan da ake huda faifai da ita. Sai ta aje mini 'yar wuƙa da damin kaba. Kaba, ga wadda ba ta sani ba, sabon ganyen goruba ne. Ana yanke shi tun bai buɗe ba, a shanya a inuwa, don rana tana sa shi gautsi. Aikina in tsaga shi sili-sili, kowane sili faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Gwaggo ba ta dubawa da ido. Takan ja silin tsakanin yatsu tana hira da maƙwabciya, in ta ji ya yi ciki a wani wuri sai ta jefar gefe, ba ta ko katse hirarta. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka shiga rani, ina nan ina tsaga kaba.

Daga nan sai rini. Ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da bagaruwa da tsohon ƙarfe mai tsatsa. Kowane launi da tukunyarsa, kuma ba a tsamo kaba don an gaji da jira. In ta fito da wuri, ranar da damshi ya taɓa faifan launin zai zuba a furar mutane, kuma sunanki za a ambata, ba sunan tukunya ba. Hannuwana sun yi baƙi ƙirin a shekarar nan, har lallen Salla ya ƙi fitowa.

Sai da na iya wannan ta bar ni na taɓa cibiya. Cibiya ita ce tsakiyar faifai, inda ake farawa. Kina kama ciyawar ciki, ki lanƙwasa ta, ki naɗe da kaba, ki huda, ki ja. Ciyawar nan ita ce ƙashin faifai. Ba a ganinta in an gama, amma ita ke riƙe komai. Tana ƙarewa kina ƙara wata, kuma kaurin da kika fara da shi, da shi za ki kai baki. In na gama nawa Gwaggo takan aje shi ƙasa ta danna gefe ɗaya da diddige. In ɗaya gefen ya ɗaga, sai ta ce, "Kande, faifai na sa ki ko malafa? Warware." In warware. Na warware fayafai a gidan nan da sun isa rufe ƙoren unguwa guda.

Aikin da ba na mantawa shi ne jeren wata amarya daga Bengu, na farko da Gwaggo ta yarda na sa hannu a ciki. Jere shi ne fayafan da ake yi wa amarya, daga babba na bakace har zuwa ƙanana na rufe ƙwarya, launi ɗaya, zane ɗaya. Da muka kashe bakin na ƙarshe, akwai ragowar kaba rinanniya a tabarma. Na tambaye ta ko in ɗaure a aje don aikin gaba.

Ta ce, "Don wa aka rina kabar nan?"

Na ce don amarya.

Ta ce, "To ta amarya ce har silin ƙarshe. Ba ta shiga kayan wata."

Ta zauna ta ɗinka ɗan ƙaramin faifai da ragowar, wanda bai fi ya rufe ƙoƙo ba, ta ɗora a saman jeren kafin ta ɗaure. Shi muke kira ɗan bisa. Ba a cinikinsa, ba a roƙonsa, ba a kuma hana shi. Masu awon hatsi suna da gyara, mu masu faifai muna da ɗan bisa. Da shi amarya take rufe ruwan da za ta fara miƙa wa mijinta, in Allah ya ba ta haihuwa kuma shi ke rufe ƙoƙon kunun yaro. Tun daga ranar nan har na yi furfura, jere bai taɓa fita daga hannuna babu shi ba.

Aure ya kawo ni Gaya, kuma Gaya gari ne na hanya. Na yi ciniki da kowa. Matan Fulani masu nono, su ba sa yarda da magana, sai sun lanƙwasa faifai da hannu biyu sun ga ya koma yadda yake. Iyayen amare daga Malanbil suna tsallako gada, muna ciniki rabi da Hausa rabi da Dendi. 'Yan Kamba suna saye da yawa su kai Najeriya. Kaba kuwa matan Bengu ke yanko mini, su kawo ranar kasuwa a kai, kuma da abin da na ba su suke sayen gishiri da sabulu su koma. Da aiki ya fi ƙarfina sai Mairo ta shigo. Maƙwabciyata ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Hannunta da sauri, bakinta ma haka.

In kaya za su yi nisa, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, su ne suke kai mini. Sai in yayyafa wa fayafan ruwa don kada su karye a hanya, in naɗe da tsohon zane, direba ya ɗaure a saman kaya ya nufi Kwatano. Ladansa goro da addu'a. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayata nauyin faifai. Ni kaina ban san yana da nauyi ba.

Roba ta shigo a hankali. Ta fara da bokiti, ta koma kwano, ta zo ga murfi. Iyayen amare suka rage zuwa. Abin da ya riƙe mu a lokacin, Zara'u ce. 'Yar unguwar nan ce, ni na yi mata jere, mijinta ya tafi da ita Turai. Matan ƙasashenmu da ke zaune can suka ga fayafanta a bango, kowacce ta ce in za ta aurar da ɗiya irinsu take so. Zara'u ta mai da abin sana'a. Takan aiko murya ta salular Mairo ta faɗi sunan amarya da launin da take so, mu ɗinka, direba ya kai Kwatano, wani matafiyi ya sa a jakarsa. A hankali aikin Zara'u ya zama shi ne tuwon gidana, da na gidan Mairo, da gishirin matan Bengu.

Sai shekarar da aka rufe gada. Kun gani da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Kamyo suka jeru har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Direbobin da ke yi mana kyauta suka koma neman bashin shayi. 'Yan Malanbil suka daina zuwa, wanda ya zo ta kwalekwale ba faifai ya kawo shi ba. Matan Bengu kuma ba su daina zuwa da kaba ba, don goruba ba ta san an rufe gada ba. Suna sauke dami a ƙofar gidana suna kallona.

A cikin wannan hali muka gama jeren wata amarya, ja da baƙi, kuma bikin ya matso. Zara'u ta aiko murya ta ce, "Inna, babu direba babu matafiyi. Ki kai gidan waya, su suna aikawa ta jirgi. Duk abin da suka ce, zan turo."

Na shirya kaya yadda na saba. Na yayyafa ruwa, na naɗe da zane, na ɗauka a kai. Ma'aikacin da na tarar dattijo ne mai tabarau, mutum mai haƙuri, irin waɗanda muke girmamawa da Mushe, wato malam da Faransanci. Ya gaishe ni da kyau, ya kwance ƙunshin, ya taɓa, ya ɗago kai.

"Inna, ruwa ya dake ki a hanya?"

Na ce, "Wane ruwa da rani, Mushe? Ni na yayyafa. Haka ake yi wa faifai in zai yi tafiya."

Ya ce, "A saman kamyo ke nan, inda iska ke busar da shi. Nan kwali za mu rufe. Zai isa da fumfuna, kuma ruwan nan ma sai kin biya kuɗin jirginsa. Ki je ki shanya. Zanen ma ki bar shi gida, shi ma nauyi ne."

Na koma na shanya. Na samo kwali wajen mai kanti, na sa jere ciki, ɗan bisa a sama, na dawo. Ya ɗora bisa ma'auni, ya duba, ya faɗi kuɗin. Na sa ya maimaita. Kuɗin aiken ya fi kuɗin fayafan, da kabarsu, da rininsu, da ɗinkinmu ni da Mairo gaba ɗaya. Ya ga fuskata sai ya yi mini bayani. Ya ce kuɗin matakala ne, hawa-hawa. In kaya ya wuce layi ko da nauyin goro ɗaya, ya hau mataki na gaba, kuma matakin yana da tsawo. Ya ce nawa kaɗan ya wuce. Ya yanke kunnuwan kwalin da almakashi, ya sake ɗorawa. Da saura. Sai ya sa yatsu biyu ya ɗaga ɗan bisa daga saman jeren, ya dubi ma'auni.

"Ga shi nan, Inna. In babu wannan ɗan ƙaramin, kin sauko."

Na karɓe shi daga hannunsa na mayar. Na ce masa zan yi shawara. Na ɗauki kwalina na koma gida.

Mairo ta kira Zara'u. Da Zara'u ta ji kuɗin matakin sama, sai ta turo hoto. Mairo ta kara mini salular kusa da ido. Faifai ne, ja da baƙi, da zagaye-zagaye kamar namu, sai dai yana ƙyalli.

Zara'u ta ce, "Inna, wallahi ba raina aikinki nake ba. Wannan na zaren roba ne, injin ke yi, daga Sin ake turowa. Mace tana zaune a ɗakinta ta danna waya, a kawo mata har ƙofa, kuɗin aiken bai kai na burodi ba. Wani lokaci ma kyauta. Iyayen amare sun fara nuna mini. A matakin ƙasa zan iya lallashinsu. In ya hau na sama, ba za su biya ba, kuma ni ba ni da bakin da zan ce su biya."

Na ce, "'Yar nan, ke kin taɓa shi da hannunki?"

Ta ce, "Na taɓa, Inna. Ba shi da ƙashi. Amma a bango ake ratayewa, kuma daga nesa ake kallo."

Washegari na koma gidan waya ba da kwali ba. Na jira layi ya ƙare, na ce, "Mushe, tambaya na kawo. Daga inda Zara'u take, Sin ta fi nisa ko Gaya?"

Ya ce Sin, nesa ba kusa ba.

Na ce, "To me ya sa nasu ke zuwa da kuɗin burodi, nawa da kuɗin akuya?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce su can manyan 'yan kasuwa ne, jirgi guda suke cikawa. Ya ce kuma akwai yarjejeniya tsakanin gidajen waya na ƙasashe kan yadda ake biyan juna, kuma a yadda ya ji, ta daɗe tana sauƙaƙa wa irin ƙananan ƙunshin nan nasu. Nawa kuwa shi kaɗai zai hau mota zuwa Yamai, ya jira jirgi, ya biya wurin zamansa shi kaɗai. Ya ce ba shi ya yanka kuɗin ba, da takarda ya zo masa.

Na ce, "Su wa suka yi yarjejeniyar?"

"Manya, Inna. A can nesa."

"An kira mai faifai ko ɗaya?"

Ya ce shi dai bai ji ba.

Ban yi masa faɗa ba, don ba shi da laifi, kuma gaskiya ya gaya mini. Amma na faɗa masa abin da nake faɗa muku yanzu. Ni ba sadaka nake nema ba. Na yarda a aje nawa kusa da nasu, uwar amarya ta taɓa ta zaɓa. In roba ta zaɓa, ta zaɓa, kuɗinta ne. Na yi takara da masu faifan Malanbil da na Kamba tun kafin a haifi iyayenku, wata rana su ci wata rana in ci, kuma muna gaisawa. Amma nasu ya zo a goye, nawa ya zo da ƙafa yana biyan kowace ƙofa, sannan a ce tsere aka yi na sha kashi? Wannan ba ciniki ba ne.

A gida Mairo ta riga ta gama tata shawarar. Ta ce, "Yaya, abin ai da sauƙi. Mu rage ciyawar ciki. Kowane faifai mu sirantar da ƙashinsa kaɗan, nauyi ya sauka, ɗan bisanki ya samu wurin zama."

Na ce faifai mai siririn ƙashi karkacewa yake.

Ta ce, "A bangon Turai? Wa zai yi bakace da shi? Gero suke nomawa a can? Ko Gwaggo Dije ce za ta taso daga Tanda ta danna da diddige?"

Na ce, "Ba sai ta taso ba. Diddigena yana nan."

Ta ce, "To ki ci diddigen. Ni yarana shinkafa suke ci."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ban ce ta yi ba. Abu uku ne a gabana. In rage ƙashi, in zama roba da hannuna. In aika a matakin sama, Zara'u ta rasa masu saye, mu rasa Zara'u. Ko in cire ɗan bisa. Ranar kasuwa ce, matan Bengu suna zaune a zaure da daminsu suna jin duk abin da muke faɗa. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwa kamata, ta ce a hankali, "Kande, mu kawo na sati mai zuwa ko mu bari?" Na ce su kawo.

Na ɗauki kwali na koma. Dattijon ya ɗora bisa ma'auni ya tsaya yana kallona. Ban bar shi ya taɓa ba. Ni na sa hannu na ɗaga ɗan bisa, na sa a haɓar zanena. Ya liƙe kwalin, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce Allah ya kai lafiya. Na ce amin.

Yanzu ku ji inda maganar take. Faifan nan da ke haɓar zanena ba nawa ba ne. Ba zan sayar ba, don ba a cinikinsa. Ba zan warware in sa kabarsa a aikin wata ba. Ba zan ba jikata ta yi wasa da shi ba. Na amarya ne, amarya kuma tana bayan teku. Sai na ɗaura igiya daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan, na rataye shi.

Jere na gaba ma haka. Mairo ta ce tunda ba ya tafiya, mu daina wahalar ɗinka shi, a zubar da ragowar kabar. Na ce ɗinki kam sai an yi. Ya tafi ko bai tafi ba, wannan tsakanina da hanya ne, amma jere bai cika ba sai da shi. Nakan ɗinka, in ɗora shi a saman jeren a nan gida, in kai har gaban ma'auni, in ɗaga, in dawo da shi. Har dattijon ya saba. Yana ganina sai ya ce, "Inna, a cire na bisa?" In ce, "Ni zan cire."

Duk da haka aiki ya ci gaba da raguwa. Matakin ƙasan ma ba arha ba ne, kuma iyayen amare da yawa sun koma roba. Mairo ta jure iya jurewarta, sannan wata safiya ta zo ta aje basillarta a gabana. Ta ce wani ɗan'uwanta yana yin odar kaya ta waya, zai ba ta murafun roba ta riƙa sayarwa a tasha. Na ce Allah ya sa albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Tana nan a tasha har gobe. In na wuce takan ce, "Yaya, zo ki sayi mai ƙyalli." In ce, "Sai ranar da ya yi ƙashi." Matan Bengu kuma na ce musu su rage damin. Ban ce su daina ba.

Igiya tana cika. Ja da baƙi, rawaya da baƙi, fari da ja. Ban iya rubutu ba, amma ban taɓa rikita na wata da na wata ba. Launin da na rina da hannuna ba ya ɓace mini.

Ana nan Allah ya yi wa mahaifin Zara'u rasuwa, ta zo gida. Na je na yi ta'aziyya, ban yi mata maganar sana'a ba, don ba wurinta ba ne. Sai da ta yi shirin komawa ta biyo ta yi mini sallama, motar da za ta kai ta Yamai tana jira a bakin titi da jakunkunanta. Na shigar da ita ɗaki. Ta ɗaga kai ta ga igiya.

"Inna, waɗannan na sayarwa ne?"

Na ce, "Ba nawa ba ne da zan sayar."

Na fara daga kusurwa ina nuna mata ina faɗi. Wannan na Ramatu ne, ta farko, mai ja da baƙi. Wannan na Balki, wadda kika ce uwarta 'yar Doso ce. Wannan na 'yar Togon nan da na kasa faɗin sunanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen igiya. Zara'u ta san ɗan bisa, da nata ta rufe kunun ɗanta na fari. Amma ta zaci mun daina yi ne tun da hanya ta ɓaci, kuma kunya ta hana ta tambaya.

Ta ce, "Inna, jirgin ma yana da ma'auni. Jakunkunana sun cika har layi."

Na ce na sani. Na ce ba dole nake yi mata ba, nuna mata kawai na yi don ta san suna nan, in na mutu kada a raba su da kayan gado.

Ta fita. Na ɗauka tafiya ta yi. Sai ga ta da direba yana jan babbar jaka har tsakar gida. Ta buɗe, ta fitar da busasshen kifin gulbi da ta yi wa mijinta tsaraba, ta fitar da ƙullin daddawa, ta fitar da gumbar da uwarta ta daka mata da hannunta cikin takaba. Direban ya ce, "Hajiya, kifi za ki bari don ciyawa?" Ta ce, "Kai dai riƙe bakin jakar." Na kwance igiya, ina miƙa mata ɗaya-ɗaya ina maimaita sunaye, ita kuma tana ɗaukar muryata a salula don kada ta rikita.

Da muka zo kan wani mai fari da ja, na faɗi sunan, sai hannunta ya tsaya. Ta ce wannan amaryar ta rasu wajen haihuwa, bara. Muka yi mata addu'a. Na tambaya ko abin da ta haifa ya rayu. Ta ce mace ce, tana hannun kakarta. Na ce, "To ki kai wa kakar. Yarinyar ta isa shan kunu."

Ta tafi. Kifin na aika wa Mairo, don yaranta.

Abin da ya faru can, Zara'u ce ta ba ni labari. Ta bi gida-gida ta kai wa kowace amarya nata, wasu da goyo a bayansu. 'Yan matan da aka haifa a can ba su san mene ne ba, sai iyayensu ne suka gane. Ta ce wata tsohuwa ta riƙe faifan ta ce rabonta da ganin ɗan bisa tun na ɗakinta. Kada ku zaci daga nan kasuwa ta dawo. Ba ta dawo ba. Kuɗin aike bai sauka ba, na roba yana nan yana isa ƙofar mutane kusan kyauta, kuma mafi yawa shi suke saye. Aikin da nake yi yanzu hannu ɗaya ya ishe shi. Sai dai waɗanda suka rage, sun rage da saninsu. Suka gaya wa Zara'u cewa jere ya zo musu cikakke, matakin sama su za su hau.

Na yi tunani a kan wannan, don ɗan bisa ba a biyansa. Na ga ni dai ban karɓi ko dala a kansa ba. Daga hannuna kyauta ya fita, kamar yadda Gwaggo Dije ta koya mini. Abin da hanya ta ci, hanya ta ci, kuma wata rana sai an tambayi waɗanda suka tsara ta.

Watan jiya na kai jeren wata amarya, rawaya da baƙi. Dattijon yana nan, tabarau ɗin ma su ne. Ya ɗora kwali bisa ma'auni, ya duba, ya ɗago.

"Inna, a cire na bisa?"

Na ce, "Bar shi, Mushe. An biya masa mota."

Ya liƙe kwalin da shi a ciki.

To ke mai cewa hutu ne, ga wuƙa, ga damin da matan Bengu suka kawo jiya. Basilla ba yanzu ba. Fara tsagawa.